Yadda na kafa ƙarfen shanya a bayan gidana a Garwa

Wanki da guga nake yi a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, unguwar Yelwa, shekara 20 da 'yan kai ke nan. Duk wanda ke cin abinci da wannan sana'a ya san rabin aikinsa a kan igiya yake. Ka iya cuɗa kaya su fita fes, ka iya sa bula da sitaci daidai wa daida, amma in wurin shanyarka ba shi da ƙwari, akwai ranar da za ka mayar wa mutum da rigarsa kana sunkuyar da kai.

Tawa ranar ta zo ne a wata shekara da Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin watan Yuni, ana saura kwana uku a sauko idi. Dirkoki biyu na itacen dalbejiya gare ni a bayan ɗaki, ni na kafa su da hannuna, kowace a ramin da bai wuce taƙi biyu ba, na tattake ƙasa da diddige na ce shi ke nan. Ran nan igiyar cike take da fararen shaddodi na wani Alhaji da 'ya'yansa. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kafin in fito daga ɗakin guga iska ta riga ni. Dirka ɗaya ta karye daidai wuyanta, inda ta haɗu da ƙasa, ɗayar kuma ta kwanta ɗungurungum, ta taho da ƙasar ramin. Kaya suka zube cikin caɓi, wata babbar riga ta kama ƙusa ta yage daga aljihu har ƙasa. Da na ɗaga guntun itacen sai na ga ɓawo kaɗai ya rage, ciki duk ƙasar gara ce. A daren nan bayan asham ni da uwargida muka sake wankin tun daga farko, har aka kusa kiran sahur. Alhajin mutumin kirki ne. “Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa,” abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na san sakacina ne, kuma na biya kuɗin gyaran rigar.

A layinmu akwai wani dattijo magini da ciwon gwiwa ya raba shi da aiki. Washegari ya shigo jaje, ya zura sandarsa cikin ramin, ya girgiza kai.

“Ɗana, kai sama kake kallo. Abin da ke riƙe dirka yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Wannan ramin ko turken akuya ba zai riƙe ba.”

“To Baba, yaya za a yi?”

“Ka lallaɓa har damina ta wuce. Ka ajiye mini kujera a inuwa, ni in faɗa, kai ka yi.”

Haka aka yi, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne abin da muka yi a watan Nuwamba na shekarar, da 'yan abubuwan da na ƙara ganewa daga baya.

Kafin a kai ga rami, akwai lissafin da ɗana ya nuna mini, lokacin yana makarantar koyon fasaha, wanda ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Ni a da ina zaton nauyin kaya ƙasa yake danna dirka. Ashe ta gefe yake jan ta, kuma iya yadda ka ɗame igiya, iya yadda jan yake ƙaruwa. Ya ɗauki takarda ya zana: igiya mai tsawon mita 5, an baza mata jiƙaƙƙun kaya na kilo 10 daga wannan kai zuwa wancan. In tsakiyarta ta sauka da santimita 25, kowace dirka tana jin jan kilo 25. In ka ɗame ta har saukar ta koma santimita 10, jan ya haura kilo 60. In kuwa ka ɗame ta tamau kamar tsirkiyar gurmi, santimita 5 kaɗai ta sauka, to kilo 125 ne, nauyin buhun siminti biyu da rabi ke nan yana jan kan dirkarka. Kayan ba su ƙaru ba, kilo 10 ɗin nan ne dai. Kuma wannan na igiya ɗaya ne. In igiyoyi uku ne sai ka ninka sau uku, sannan ka tuna cewa daga can sama ake jan, ƙasa kuma gajeren gindi ne ke ƙoƙarin riƙewa, kamar mai banƙare dutse da dogon ƙarfe. “Baba, ka bar wa igiya cikinta,” in ji shi. Tun daga ran nan na daina jin haushin igiya mai ɗan lanƙwasa, na kuma daina yin tazarar da ta wuce mita 5 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In filinka ya kai mita 10, kafa uku, ka sa ɗaya a tsakiya.

Sai zaɓen wuri, kuma a nan ka kira wadda za ta fi kowa amfani da igiyar ka ji ta bakinta. Uwargida ce ta hana ni kafawa a inda na fara nufa, domin daga zaure ana hango wurin, kuma babu macen da ke son baƙo ya shigo ya ga kayanta na ciki a rataye. Ka nisanci murhu saboda hayaƙi yana kama jiƙaƙƙen tufa. Ka nisanci ƙarƙashin mangwaro da dalbejiya, tsuntsaye da rana, jemagu da dare, kashinsu a farar shadda sai an sake wanki. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin igiya da katanga ko zana, don in iska ta kaɗa zanen gado kada ya riƙa gogar jar ƙasa. Kada igiyar ta gitta hanyar da ake bi zuwa bayan gida da dare, tsakiyarta tana iya kama dogon mutum a wuya. Ka kuma tambayi tsofaffin gidan ko akwai tsohuwar salga da aka cike ko rijiyar da aka binne, domin irin wannan ƙasa ba ta gama zama ba, kuma ka san ta inda fayif ɗin famfo ya bi kafin ka ɗaga diga.

Wajen fuskantarwa, ni gabas da yamma na miƙa tawa. A ƙasarmu hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iskarsa. In igiya ta miƙe kudu da arewa, kowane zane ya ba iskar ƙirjinsa, sai ta cika shi ta riƙa fizgar ƙarfen. In ta miƙe gabas da yamma, iskar bin tsawon igiyar take yi ta wuce. Wasu za su ce kaya sun fi saurin bushewa in iska na dukan su ta gaba, gaskiya ne, amma a Garwa ba mu taɓa rasa rana ba. Iska ita ce abin tsoro.

Magana ɗaya da ba na sassautawa a kanta: lantarki. Ƙarfe ne a cikin ƙasa, waya ce a kansa, jiƙaƙƙen hannu ne ke taɓa ta kullum. Kada ka kafa shi ƙarƙashin wayar wuta, kada ka ɗaure igiyar shanya a jikin falwaya, kuma kada ka yarda wani ya bi da wayar da aka ja wuta zuwa ɗakin baya ko gidan maƙwabci ta kan ƙarfen shanya, ko da na kwana ɗaya ne. Rana tana cin robar waya ta tsattsage ba ka sani ba. Yawancin masu shanya mata ne da yara, sau da yawa ba takalmi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Yanzu kayan aiki. Ka je shagon kayan gini ka nemi fayif ɗin ƙarfe mai faɗin inci 2, wato kusan milimita 60. Farin nan irin na famfo ya fi, domin rufin da ke jikinsa yana hana tsatsa, amma baƙin ma ya yi in za ka kula da fenti. Abin da za ka duba da kyau shi ne kaurin jikinsa. Leƙa bakinsa: in bai kai kusan milimita 3 ba, bar shi. Akwai wani siriri mara nauyi da ake yin ƙafar tebur da shi, ido ba ya bambanta su daga nesa, kuɗinsa ƙasa, amma bargo biyu za su lanƙwasa shi. Araha ba ta ado. Ɗaga shi ka ji nauyinsa a hannu. Fayif ɗin yakan zo da tsawon mita 6, sai a yanka maka gida biyu masu mita 2 da santimita 70, ragowar santimita 60 a raba ta biyu, akwai aikin da za ta yi. Daga mita 2.70 ɗin nan, santimita 70 na ƙasa ne, mita 2 na sama. In uwargidanka gajeriya ce, sa ta ɗaga hannu ka auna, ka rage daga sama. Daga na ƙasa ba a ragewa.

Wurin mai walda ka tsaya a kansa har ya gama. A saman kowane fayif zai gicciya ƙarfe mai kusurwa ko ƙaramin fayif na mita ɗaya, ya huda shi wuri uku, tsakanin huda da huda santimita 40, don kaya kada su riƙa mannewa da juna. Ya goge bakin kowace huda ta yi sumul, kaifinta yana yanke igiya. Guntayen nan na santimita 30, kowane zai gicciya shi kusa da gindin fayif, kamar taƙi ɗaya daga ƙarshe. Shi ne ke kama kankare ya hana ƙarfen juyawa in an loda igiyar gefe ɗaya, ya kuma hana a zare shi. Sannan ya toshe saman fayif ɗin da ɗan faranti na ƙarfe. Mutane da yawa suna barin saman a buɗe, ruwan sama ya taru a ciki, ƙarfen ya ruɓe daga ciki alhali waje yana ƙyalli da fenti. Gindin kuwa a bar shi a buɗe.

Ni da nake shanya barguna da darduma na ƙara tokara: wani guntun fayif da aka liƙa a jikin ƙarfen daga tsayin ƙirji, ya sauko a karkace ta ɓangaren da igiya take, ƙafarsa ta shiga nata ƙaramin ramin kamar santimita 70 daga gindin. Duk jan da igiya ta yi, tokarar ce ke karɓa ta kai ƙasa. Wasu waya suke ja ta baya su ɗaure a turke, ita ma tana aiki, sai dai tana harɗe yara da dare, shi ya sa ban so ta ba. Gidan da wankinsa na iyali ne kawai, tazara mita 4, yana iya yi ba tokara in fayif ɗin mai kauri ne.

Da ka dawo da su gida ka kankare duk inda wutar walda ta taɓa, ka shafa jan fentin nan na maganin tsatsa, domin walda tana ƙone rufin farin fayif ta bar wurin tsirara. In baƙin fayif ne ka shafe shi duka, sau biyu, sannan fentin mai a kai. Inda ya fi buƙata shi ne wuya, taƙi ɗaya ƙasa da inda kankare zai tsaya da taƙi ɗaya sama. Nan ne damshi da iska suke haɗuwa, nan itace ke ruɓewa, nan kuma ƙarfe ke cinyewa.

Rami shi ne aikin. Zurfinsa santimita 80, faɗinsa 40 kowane gefe. Da dagi za ka fi jin daɗin haƙa shi, domin diga tana buɗe baki ta bar gindi a tsuke, alhali akasin haka ake so. Baba magini ya ce in yi shi kamar tulu, baki matsattse, ciki da faɗi. Rami mai kama da kwano, sama a buɗe ƙasa a tsuke, kankarensa yana fitowa kamar haƙorin da ya yi girgiɗi. Ka yanke gefunan su tsaya sak a ƙasar da ba a taɓa ba, domin ita ce za ta tare kankaren in igiya ta ja. In ƙasa ta yi tauri, haƙa abin da ya samu, cika da ruwa da yamma, da safe ka ci gaba. Shi ya sa Oktoba da Nuwamba suka fi: ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, ruwan sama ya ɗauke, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 bai zo ba.

Ƙasa kuma iri-iri ce, zurfin nan na faɗa maka na ƙasa mai ƙwari ne. A unguwannin Garwa da ke kan tudu wani lokaci ba ka yi nisa ba za ka ci karo da dutsen yashi, in ka same shi ka gode wa Allah, ka ɗan sassaƙa shi ka zauna a kansa. In ƙasarka rairayi ce mai zubewa, ƙara faɗi zuwa santimita 50. Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce baƙar laka, irin ta bakin Binuwai da filayen wajen Marwa inda ake dasa masakwa, wadda Fulani ke ce wa karal. 'Yan'uwanmu na Kusiri da Injamena ma sun san irinta. Da rani ta tsattsage har hannu ya shiga, da damina ta kumbura ta yi santsi kamar sabulu, duk abin da aka kafa a samanta sai ya karkace. A irin wannan ƙasa ka kai mita ɗaya, ka sayi fayif da ya fi tsayi, kuma tokara ta zama dole.

A gindin ramin zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10 ka daɓe ta da gindin taɓarya. A kanta bakin fayif zai zauna, don duk raɓar da ta taru a cikinsa ta sami hanyar tsiyayewa.

Siminti buhu biyu na kilo 50 ya ishe ka, ɗaya da rabi na manyan ramuka biyu, ragowar na ƙafar tokara. Mu nan ba mu da nisa da masana'antar siminti ta Figil da ke kan hanyar Marwa, amma kusa ko nesa, danna buhun kafin ka biya. In ka ji ƙulalai masu tauri a ciki ya sha damshi, ƙarfinsa ya ragu. Yashi ka nemi mai tsakin nan na kogi, irin wanda ake ɗebowa daga Binuwai. Damƙe shi a jiƙe ka buɗe hannu, in ya bar maka laka a tafi ba shi da kyau. Ma'aunin da maginanmu ke bi shi ne buhu ɗaya na siminti, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kusan lita 25. In ba baro, yi da bokiti: ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. Ka fara juya su a bushe a kan daɓe mai tsabta har launinsu ya zama ɗaya, sannan ka buɗe tsakiya ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. A nan ne Baba ya fi tsawata mini. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin zubawa, shi ya sa hannu ke son ƙara ruwa, amma yawan ruwa yana raunana kankare. “Tuwo nake so, ɗana, ba kunu ba.” In ka ɗebo a shebur ya tsaya a kai bai malale ba, ya yi. Kada ka zuba siminti a bushe cikin rami ka watsa ruwa a kai kamar yadda wasu ke yi don sauri, sama ce kawai ke kamawa. Ka kuma sa safar hannu ko leda, siminti yana cin fata, mu masu wanki da hannunmu ya riga ya sha sabulu mun fi kowa jin sa.

Tsayar da ƙarfen aikin mutum biyu ne. Ƙanena ya riƙe, ni ina zubawa. Kafin ka zuba komai, tsayar da duka biyun a ramukansu, ka ja zare daga wannan zuwa wancan, ka tabbata gicciyen sama suna kallon juna fuska da fuska kuma tsayinsu ɗaya. In ƙasar gidan tana da gangara, gyara da yawan tsakuwar gindi. Don ganin miƙewarsa ba sai kana da ma'aunin magina ba, ɗaura dutse a zare ka rataya daga sama, ka duba ta gaba ka duba ta gefe. Ta gefe ya tsaya sak. Ta ɓangaren igiya kuwa ka ɗan kwantar da kansa baya, nesa da ɗan'uwansa, kamar faɗin yatsa biyu ko uku. In aka loda kaya zai dawo ya miƙe. Wanda aka tsayar sak tun farko, bayan shekara sai ka ga ya sunkuya ciki.

Zuba kankaren kashi uku, kowane kashi ka soke shi da guntun rodi ko sanda sau da yawa, musamman kewayen gicciyen gindi, har ka ga ya daina fitar da kumfa. Bayan kowane kashi ka sake duba zaren dutsenka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kankare ma haka, bayan awa ɗaya ko biyu ba ka da sauran gyara. Da ka cika, kada ka tsaya daidai da ƙasa. Ɗaga shi sama da yatsa biyu, ka shafe shi da cokalin magini ya yi tudu a jikin ƙarfen ya gangara waje, don ruwan wanki da na sama kada su kwanta a wuyan. Sannan ka tokare ƙarfen da itatuwa uku ka ɗaure, ka kewaye wurin da tsohuwar zana ko ƙaya saboda awaki da yara. Mu da yamma muka zuba namu, bayan rana ta yi sanyi.

Sai haƙuri, wanda ya fi haƙan ramin wuya. Washegari za ka taɓa ka ji ya yi tauri, uwargida za ta ce ga wanki ya taru. Kada ka ɗaura igiya. Kankare da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri ƙarfinsa ya tsaya a inda ya kai, kuma iskar hunturu tana shanye shi fiye da yadda kake zato. Rufe shi da tsohon buhu ko tsumma, ka jiƙa safe da yamma har kwana 7. A kwana 7 ya sami mafi yawan ƙarfinsa, cikarsa sai kwana 28. Ni a rana ta takwas na cire itatuwan na ɗaura igiya, na fara da kaya marasa nauyi, barguna kuwa sai da wata ya cika.

Igiyar kanta na gwada iri uku. Ta roba mai launi ba ta da tsada kuma ba ta ɓata kaya, amma ranar Garwa tana cinye ta, bayan rani ɗaya ko biyu sai ta fara zubar da gari ta tsinke ba sallama. Baƙar wayar da ake ɗaure rodi da ita kada ma ka fara, damina ɗaya za ta yi tsatsa ta zana maka jan layi a kafaɗar riga, kuma tabon tsatsa ba ya jin sabulu. Wadda na zauna a kanta ita ce farar waya mara tsatsa mai kaurin milimita 3, ko igiyar ƙarfe mai rigar roba in ka samu. Zura ta a huda, ka naɗe bakin a jikinta sau biyar ko shida da filaya, ka lanƙwasa tsinin ya koma ciki don kada ya kama hannun riga. A kai ɗaya na kowace waya na sa ƙugiyar nan mai zare da ake murzawa ta ɗame ko ta saki, masu shagon kayan gini sun san ta. Amfaninta shi ne in waya ta saki da yawa ka ɗan murza, ba sai ka kwance ba. Amma ka tuna da lissafin ɗana. Ka fara ɗaura ta tsakiya, sannan na gefe biyu, kowace ka bar ta yadda in an cika ta da kaya za ta sauka kamar taƙi ɗaya. Wajen shanya ma, masu nauyi kusa da ƙarfe, marasa nauyi a tsakiya, kuma kada a loda gefe ɗaya a bar ɗayan wayam. In bargo ya ja tsakiya ƙasa da yawa, tallafe shi da gora mai baki biyu maimakon ka ƙara ɗamewa. Kafin kowace shanya a bi wayar da jiƙaƙƙen tsumma, da hunturu ƙura tana kwanciya a kanta cikin dare ɗaya.

Wanda kuɗin ƙarfe ya fi ƙarfinsa, itace ma yana yi in an zaɓa. Azarar giginya, ƙirya da marke su ne gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Busasshe za ka saya wurin masu sayar da itacen gini, ka ɓare ɓawon, ka babbaka gindin a wuta har ya yi baƙi, daga ƙarshe zuwa taƙi ɗaya sama da bakin rami. Wasu suna ƙara shafa baƙin mai na inji, yana taimakawa, amma kada a yi shi kusa da rijiya. Zurfin ramin ɗaya ne da na ƙarfe. Bambancin shi ne itace ba ya son kankare: yana ƙanƙancewa da rani ya bar tsaga, ruwa ya shiga ya kwanta, wuyan ya ruɓe. Cika ramin da duwatsu da tsakuwa da ƙasa, taƙi-taƙi, kana daɓewa da ƙarfi. Kuma duk wata ka ƙwanƙwasa gindin da bayan wuƙa, in ya yi amon ganga gara ta shiga.

Mai haya kuma ya fara neman izinin mai gida. In ya yarda, binne guntun fayif mai faɗi a cikin kankaren, ka zura ƙarfen shanyar a ciki ka matse da noti, ran tashi ka zare abinka ka toshe bakin.

Nawa yanzu sun ga damina da dama ba su motsa ba. Duk shekara a ƙarshen Afrilu, kafin ruwan farko, nakan kama kowane ƙarfe da hannu biyu in jijjiga. Ina duba wuyansa, in na ga tsatsa ta fara in kankare in shafa fenti. Ina duba ko rani ya buɗe tsaga tsakanin kankare da ƙasa, in akwai in cusa tsakuwa da yashi in daɓe. Yara na hana su lilo a jiki tun suna ƙanana. A gidan kuma kowa ya san doka: da gabas ta yi baƙi a kwashe kaya tun iska ba ta iso ba, in kuwa an fara walƙiya da tsawa, ko shaddar wane ce a kan wayar, a bar ta ta jiƙe, ba mai fita ya taɓa ƙarfe.